Littafin da Ya Dawo Shagon Mama Salomi

Shagon Mama Salomi yana Moduganari, tsakanin wani mai gyaran janareto da wata mai sayar da zoɓo da kunun aya. Ɗaki ɗaya ne mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. A ciki akwai tebur, da injin fotokwafi, da tsohuwar tafireta da ta ƙi yarda a ɗauke ko bayan ta sayi kwamfuta, sai wata kanta mai hawa biyar jingine da bango, cike da littattafan Turanci da suka sha hannu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, gidanmu yana layi na biyu daga shagon, kuma na fi shekara goma ina shiga ina fita a wurin. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani ita ta gaya mini.

Salomi 'yar wani ƙauye ce kusa da Lassa, a kudancin Borno. Ta zo Maiduguri tana da shekara goma sha tara, ta koyi buga tafireta, ta samu aiki a sakatariya, ta yi shekara talatin da biyar tana buga wasiƙun da wasu ke sa wa hannu. Mijinta, Malam Manasse, malamin Turanci ne a makarantar sakandare, kuma shi ne mai littattafan. Duk ƙarshen wata sai ya bi ta wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai kusa da gidan waya, ya dawo da biyu ko uku a hammata. In ya gama karanta ɗaya, yakan rubuta ra'ayinsa a farin shafin ƙarshe, layi biyu ko uku, ya sa kwanan wata. Salomi ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba a zamaninsa. Ta ce ita karatunta Littafi Mai Tsarki ne da littafin waƙoƙi, sauran kuwa ƙaryar Turawa ce da ke hana mijinta jin kiran abinci.

Ciwon hanta ya ɗauke Malam Manasse a 2010. Shekarar da ta biyo baya Salomi ta yi ritaya, ta koma ƙaramin gida, ta buɗe shagon. Littattafan ba su samu wuri a gidan ba. Wata mai ƙosai ta roƙe ta ta ba ta su don ƙunshe ƙosai, ta kuma amsa. Ranar da matar ta zo da buhu, Salomi ta ɗauki na farko za ta jefa ciki, sai ya buɗe a shafin baya, ta ga rubutun mijinta: "Wannan mutumin ya san kaɗaici. Na gama ranar da aka yaye Peace." Peace ita ce 'yarsu ta fari. Salomi ta ba matar haƙuri, ta haɗa ta da tsofaffin jaridu, ta sa kafinta ya buga kanta.

Kusan shekara biyu littattafan suna wurin ba mai taɓa su. Sai 2013 ta zo, aka katse layukan waya, dokar hana fita ta riƙa mayar da mutane gida tun rana ba ta faɗi ba. Mutum ya zauna a ɗaki, ba kira, ba saƙo, ba ya sanin halin da ɗan'uwansa ke ciki a unguwar da ke kusa. Wanda ya fara aro shi ne Malam Othniel, malamin firamare kuma sakataren cocinsu, mutum mai son gardama da gyara wa mutane Turanci. Bayansa wasu suka biyo, malaman makaranta, akawuna, ɗaliban jami'a da karatu ya tsaya musu, da ni.

Sharaɗi ɗaya ta kafa. Duk wanda ya karanta, sai ya rubuta nasa ra'ayin a ƙarƙashin na Malam Manasse, da Turanci ko da Hausa, ko layi ɗaya ne. In shafin ya cika sai ta liƙa sabuwar takarda da gam. Kowane littafi kuma ta buga masa hatimin shagon, da sunanta da sunan unguwa. Na taɓa tambayarta dalili.

"Sista," in ji ta, "shekara talatin mutumin nan yana yi mini hirar littattafai ina tankaɗe, ban taɓa amsa masa ba. Bari wasu su amsa."

Daga nan ta fara karatu ita ma, amma daga baya take farawa. Sai ta karanta abin da mutane suka rubuta, in faɗansu ya yi mata daɗi sannan ta koma shafin farko ta ga a kan me ake faɗan.

Littattafan 'yan leƙen asiri da na farautar masu kisa su suka fi fita. Ba sa kwana biyu a kanta. Abin da aka rubuta a bayansu ya ba ta mamaki, domin yawancinsa gyara ne. Wani ya rubuta: "Wannan bai taɓa jin ƙarar bom ba. Ba a tashi a ci gaba da magana, kunne yana toshewa har kwana biyu." Wata ta rubuta a ƙarƙashinsa: "Na sani ƙarya ce. Amma a nan ana kama wanda ya yi, kuma ana faɗin dalilinsa. Shi ya sa na karanta sau biyu." Manyan littattafan nan masu kauri, waɗanda ake shafe shafi ɗari huɗu a kan iyali guda da rigimar gidan gado, ba su da masoya da yawa. Malam Othniel ya rubuta a bayan ɗaya cewa ya kai ƙarshe yana jiran wani abu ya faru, bai faru ba. Ni na amsa masa. A lokacin ina aiki a ɗakin da ake kawo waɗanda abin ya rutsa da su, na rubuta cewa na yi kwana shida a cikin gidan mutanen littafin, babu wanda aka shigo da shi a kan tabarma, kuma ban taɓa hutawa irin wannan ba.

Akwai kuma kashi na uku, 'yan kaɗan a hawa na sama, labaran duniyar gaba bayan komai ya lalace. Ɗaya daga cikinsu bangonsa na gaba ya yage tun kafin ya zo hannun Malam Manasse, don haka ba wanda ya damu da sunansa, littafin shinge muke kiransa. Labarin wata ƙasa ce da wata cuta ta kashe mata shuke-shuke, mutanen da suka rage suka taru a gari ɗaya suka kewaye shi da shinge. Kowace safiya wata na'ura tana kiran sunayen waɗanda za su fita nemo abinci. Wasu suna dawowa. Wanda bai dawo ba, doka ta hana a sake ambaton sunansa. Malam Manasse ya karanta shi a 1994, ya rubuta: "Hasashe mai kyau, amma ya yi yawa. Mutane ba za su taɓa yarda da haka ba." Waɗanda suka karanta shi a zamaninmu ba su cika rubuta komai ba. Wani ɗalibi ya dawo da shi bayan kwana ɗaya, ya ajiye a tebur, ya ce a ba shi wani, shi ba zai karanta labarin unguwarsu da Turanci ba.

A cikin 2013 ɗin nan Alhaji Mukhtari ya shigo shagon. Dillalin shanu ne a Kasuwar Shanu, gidansa yana Limanti, dogo, siriri, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Kakanninsa makiyaya ne, mahaifinsa ne ya zauna a gari ya sa shi makaranta har ya gama sakandare. Wasiƙa ya kawo a buga masa. Yana jira sai ya tsaya gaban kantar, hannuwa a baya, yana karanta sunayen littattafan a hankali.

"Mama, waɗannan na sayarwa ne?"

"Na aro ne, Alhaji. In ka gama ka rubuta abin da ka gani a baya."

Ya yi dariya ya ce rabonsa da littafin Turanci tun jarrabawar fita. Ya ɗauki na 'yan leƙen asiri ɗaya. Bayan kwana uku ya dawo da shi, yana warin kasuwa, an rubuta a baya da fensir: "Jarumin ba ya cin abinci, ba ya salla, ba shi da uwa. Amma ya iya gudu." Salomi ta ce tun daga ranar take jiran abin da zai rubuta fiye da na kowa.

Ya zama duk Asabar da hantsi yana shagon. Yakan zauna a kan benci, ya cire takalmi ɗaya, su kaure da gardama da Malam Othniel har mai janareto ya leƙo. Da ya kai ga littafin shinge, sau uku ya are shi. Ina nan ranar da ya dawo da shi karo na uku.

"Littafin banza ne, Alhaji," in ji Malam Othniel. "Ba bege a cikinsa ko kaɗan. Mutum yana cikin wahala, ya kuma ɗauko wahala ya karanta?"

"Ni ba wannan ya dame ni ba, Malam. Marubucin matsoraci ne."

"Ta yaya?"

"Shafi ɗari uku yana cikin shinge. Mutane suna fita kullum, bai taɓa bin ko ɗaya ya ga abin da ke waje ba. Ni duk wata sai na fita. Naman da kuke ci, daga bayan shinge yake zuwa. Da ya tambaye ni."

"Ai ba a haife ka ba lokacin da ya rubuta."

"To shi ya sa nake sake karantawa, ko zan ga inda ya ɓoye."

A farkon 2014 ya are shi karo na huɗu. Ya ce zai je sayen shanu ta wajen Dikwa, kwana uku, zai riƙa karantawa a mota. Salomi ta ce masa hanyar nan ba ta da kyau yanzu. Ya ce ya sani, amma kasuwa ta bushe, kuma direban ya san inda ake bi. Ya sa littafin a aljihun gefe na rigarsa ya fita.

An tare motarsu a hanya. Direban da mutum biyu suka tsira da ƙafa, suka iso gari bayan kwana biyu. An samu gawa huɗu. Ba a samu Mukhtari ba, a raye ko a mace.

Bayan wata ɗaya wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon, baƙa, kyakkyawa, cikin lafaya, da yarinya 'yar shekara biyar riƙe da hannunta. Ta ce ita ce Yakaka, matar Alhaji Mukhtari, yarinyar kuma Maimunat. Ta ce ta zo ne ta faɗa cewa littafin Mama ya tafi tare da shi, kada a ga kamar an riƙe.

Salomi ta zaunar da ita. Sai ta miƙe ta ɗauko littattafan da ya taɓa ara, goma sha ɗaya, ta buɗe mata bayansu. Yakaka ba ta yi boko ba, amma ta san rubutun mijinta. Ta ɗora yatsa a kan fensirin.

"Me ya ce a nan, Mama?"

Salomi ta karanta mata. Da aka zo kan jarumin da ba shi da uwa, Yakaka ta rufe baki da gefen lafaya, kafaɗunta suna rawa, ba wanda ya iya gane dariya ce ko kuka.

Ta ci gaba da zuwa, wata biyu ko uku sau ɗaya. Ba ta zama mai takaba ba, ba ta kuma da miji a gida. 'Yan'uwansa suna cewa a yi sadaka a fawwala wa Allah, ita tana cewa ba ta ga gawa ba. A shago kuwa aka daina kiran sunansa. Ba wanda ya hana. Lokaci ne da in aka ce wani ya ɓace a daji, mutane ba su san abin da za a ɗauke shi ba, ko abin da za a ɗauki mai yawan tambayarsa. Malam Othniel ya koma cewa "abokin gardamata". Salomi kan ce "mai fensir". Ni ban cewa komai.

Shekara biyar suka wuce. Waya ta dawo, dokar hana fita ta sassauta, masu aro suka ragu, matasa suka koma kallon waya. Wata Talata a 2019, da azahar, na biya shagon in yi fotokwafin takardun aiki, sai ga wani tsoho a ƙofa, ramamme, da zannar hula da ta koɗe, riƙe da ƙunshin baƙar leda. Ya ce, "Wushe," gaisuwar Barebari, sannan ya juya zuwa Hausa mai nauyin Barebari. Sunansa Ajimi, daga wani ƙauye kusa da tafki, yanzu yana sansanin 'yan gudun hijira a bakin gari. Ya ce kwana uku yana yawo a Moduganari yana nuna wa mutane hatimi.

Ya kwance ledar. Littafin ya kumbura, ya yi baƙi, gefensa ya sha gara, yana warin kashin shanu da hayaƙi. Salomi ta dube shi, ta ja kujera ta zauna. Ba ta taɓa shi ba.

"Baba, ina mai shi?"

"Allah ne ya sani, Mama."

Ya ba mu labari a hankali. Mutanen daji sun kama shi a ƙauyensu, suka kai shi wani wuri inda suke tara shanun da suka kwaso. A can ya tarar da Mukhtari. Ba su kashe shi ba saboda ya san shanu, ya san cutarsu da maganinta. Su bakwai ne ke kiwo, ana tsaronsu daga nesa. Da an ga littafin boko a hannunsa, da ranar ce ƙarshensa, don haka ya naɗe shi a leda ya binne a cikin garke. In sun kai shanu nesa, rana ta take, masu tsaro sun nemi inuwarsu, sai su zauna a gindin aduwa ya riƙa ba su labarin da Larabcin Shuwa da Barbarci, kaɗan-kaɗan. In ya ƙare sai a sake farawa.

"Sau nawa?" na tambaya.

"Ban ƙirga ba, 'yata. Damina biyu."

Ranar da aka kawo hari wurin, kowa ya watse. Mukhtari yana fama da ƙafa, ƙaya ta soke shi ta ruɓe. Ya tone littafin ya ba Ajimi, ya nuna masa hatimin, ya ce Moduganari, Mama Salomi. Ya ce shi zai bi ta cikin ciyawa a hankali. Ajimi ya waiwaya sau ɗaya ya gan shi yana dogara sanda, bai sake ganinsa ba. Shi kansa ya yi shekara biyu a tsallaken iyaka kafin a dawo da su, littafin yana ɗaure a ƙugunsa.

Sai da tsohon ya tafi Salomi ta buɗe bayan littafin. Takardar da ta liƙa ta cika, cikin bango ya cika, rubutun ya bi gefen shafukan ƙarshe, ƙanana ƙwarai. Ta ce ba za ta karanta ba sai mai haƙƙi ta zo. Ta rufe shago, muka hau keke Napep zuwa Limanti.

A tsakar gida muka zauna, a kan tabarma, Yakaka ta kori yara waje. Salomi ta sa tabarau ta fara.

"Watan azumi, ban san kwanan boko ba. Malam Manasse, Malam Othniel, Sista, Mama, ina gaishe ku. Na zo bayan shinge. A nan ma gari yana wayewa, shanu suna haihuwa. Mutane ne a nan, suna tuna gida. Wannan ne abin da marubucin bai zo ya gani ba."

A ƙasa kuma: "Na cika sharaɗin Mama, duk wanda ya ji labarin sai ya faɗi ra'ayinsa. Wani mutumin Marte ya ce kada in sake ba da shi, yana hana shi barci. Washegari shi ya fara tambayar inda muka tsaya." Sai wani layi: "Mikail, abokin kiwonmu, ya ce a ƙauyensu da an fasa na'urar tun ranar farko. Muka yi masa dariya. Mikail ya rasu bayan Babbar Salla, zazzaɓi."

Sannan wannan: "Ajimi ya ce abin da ya fi ba shi tsoro ba yunwar ba ce, ba na'urar ba ce. Yadda mutanen gari suka daina kiran sunan waɗanda suka fita ne. Ya tambaye ni ko a Maiduguri ana kiran namu. Na ce masa ana kira."

Salomi ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa. Yakaka ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Ni ina kira, Mama. Ci gaba."

Na ƙarshe da ake iya karantawa saƙo ne. "A gaya wa Yakaka ina samun nono ina sha, ƙafata ce kawai. Ta sa Maimunat a makaranta, kada ta jira ni a kan wannan. Mama ta yafe mini, na wuce kwana uku."

Yakaka ta karɓi littafin ta kai hancinta, ta riƙe shi a nan. Ta ce Maimunat tana aji biyar, ba ta jira ba. Bayan sati biyu ta aika a gaya wa 'yan'uwansa su sa ranar sadaka. Salomi ta je da kwanon gero, ta zauna cikin mata tun safe har la'asar. Duk wadda ta tambaye ta dangantakarta da gidan, sai ta ce, "Alhaji Mukhtari mai karatu ne a shagona," da cikakken sunan, da murya yadda za a ji. Malam Othniel ma ya je, ya zauna a waje cikin maza, bai yi gardama da kowa ba.

Yakaka ta yanke takardar baya da gefen shafukan da ke da rubutun da reza ta ajiye, ta mayar wa Salomi sauran littafin. Salomi ta zauna ta karanta shi daga shafin farko. Kwana goma ta yi. Ta ce mini tun daga lokacin, in Asabar ta yi da hantsi, wani ya tsaya a ƙofa ya tare haske, sai gabanta ya faɗi kafin ta ɗago.

Bayan wata huɗu Baba Ajimi ya dawo. Ya ɗan yi ƙiba, an ba shi aikin gadi a wani gini. Ya gaisa, ya sha ruwa, ya daɗe yana juya hula a hannu.

"Mama, tambaya na zo da ita. Ƙarshen labarin nan. Alhaji ya ce waɗanda suka fita sun haɗu a bakin wani kogi, suka samu iri mai rai, suka yi noma. Da shekara ta zagayo suka dawo da buhuna a kan jakuna. Aka buɗe musu ƙofa, mutanen gari suka fito suna kiran kowa da sunansa da sunan ubansa. Amma wata rana ya ce jakuna, wata rana ya ce raƙuma. Shi ya sa na yi shakka. Haka yake a takardar?"

Na dubi Salomi. Na so ta ce haka ne. Ita kuwa mace ce da ta yi shekara talatin da biyar tana buga abin da aka ba ta ba tare da ta canja harafi ba.

"Ba haka yake ba, Baba."

"To yaya yake?"

Ta gaya masa. Na'urar ta kira sunan mutumin da ake bin labarinsa, ya fita, aka rufe ƙofa. Littafin ya ci gaba da shafi ashirin a cikin gari. Matarsa ta share ɗaki, aka kawo wasu suka zauna a ciki, aka yi rabon abinci, aka yi ruwan sama. Ba a sake ambatonsa ba har aka rufe.

Tsohon ya juya yana kallon titi. Mai janareto ya tayar da inji ya kashe.

"Ya san da haka, yana ba mu wancan?"

"Sau huɗu ya are shi. Ya sani."

Ajimi ya gyaɗa kai. Ya ce su uku ne suka rage cikin bakwai ɗin, biyun suna sansani, kuma har yanzu suna ba yara labarin da yamma, da jakunan da komai. Ya roƙe ta in wani daga cikinsu ya zo da irin wannan tambayar, ta ce masa ba ta karanta ba.

"Ba zan yi ƙarya ba, Baba," in ji ta. "Amma zan iya cewa idona ya mutu. Wannan ya kusa zama gaskiya."

Ba wanda ya zo. Ambaliyar 2024 ta shiga shagon har gwiwa, ta cinye hawa biyu na ƙasa da injin fotokwafi. Salomi ta shanya abin da ya shanyu a kan rufin mai janareto, ta raba wa tsofaffin masu aronta, kowa ya ɗauki wanda ke da rubutunsa. Ba ta sake buɗewa ba. Yanzu tana gidan Peace, a wata unguwa can bayan jami'a, idonta na hagu ya rufe da yana, na dama yana bi. Yakaka ba ta sake aure ba, tana sayar da turaren wuta a gida, kuma duk salla tana aika mata nama. A watan jiya na kai wa Salomi maganin hawan jini. Na same ta a baranda, rediyo a kashe, tana fuskantar ƙofar gida. Ta tambaye ni ko har yanzu ana samun waɗanda ke fitowa daga daji, na ce ana samu jefi-jefi, wasu ana kawo su asibitinmu. Ta ce in an kawo dogo mai ɗingishi, in tambaye shi sunansa da kaina, kada in tsaya ga abin da aka rubuta a kati.